Tsohon kare da marka: a ci gaba da fita da shi ko a bar shi a gida?

Ɗan Hanwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san karnuka. Karen gadi ne, ruwa-biyu, Alsatian da na gida, shekararsa 11, nauyinsa wajen kilo 28. Da rani ana zagawa da shi minti 40 kowace yamma, lafiya lau. Tunda marka ta kankama a watan Agustan nan, idan ya kwana sai ya daɗe bai miƙe ba, ƙafafun baya suna rawa, tsakanin yatsunsa kuma ya yi ja yana ta lasa. Hanyar unguwa duk taɓo ce da kududdufai. A daina fita da shi har kaka, ko da yadda ake yi? In za a fita, minti nawa, da wane lokaci? An ce in ba shi diclofenac, maganin ciwon jiki na mutane, amma ban ba shi ba tukuna.

Malamin Dabbobi, Samaru:

Wa alaikumus salam. Malam, fara ajiye ƙwayar nan. Diclofenac da ibuprofen suna yi wa kare gyambo a ciki, suna lalata ƙoda, ƙodar ɗan shekara 11 kuwa ta riga ta sha aiki. Abin da ke biyo baya amai ne da baƙin kashi kamar kwalta. Paracetamol ma hanta yake taɓawa. Akwai magungunan rage ciwo da ake ba karnuka, irin su meloxicam da carprofen, amma likita ne ke auna su da nauyin kare, bayan ya duba jini ya ga halin ƙoda da hanta. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, daga Hanwa ba nisa.

Batun fita kuwa, kada ka daina. Abin da ka kwatanta ya yi kama da amosanin gaɓɓai, kuma jinin Alsatian an san su da ciwon kwankwaso. Naman cinya ne ke riƙe gaɓar. In aka ajiye shi wata biyu ba motsi, naman zai zube, ƙiba ta hau, ranar da damina ta ɗauke a ga ko bakin ƙofa ba ya kaiwa. Raba minti 40 ɗin nan gida uku, minti 10 zuwa 15 kowace fita, minti 5 na farko a hankali har gaɓɓai su saki. Washegari ce za ta gaya maka ko ka yi daidai: in tashinsa ya fi na jiya wuya, an yi yawa, sai a rage kashi ɗaya cikin uku.

Doguwar fitar ta zama da hantsi, tsakanin ƙarfe 9 da 11, raɓa ta bushe, rana ta ɗan ɗumama jiki. Hadarin Zariya yawanci daga gabas yake tasowa, da la'asar ko da dare, saboda haka dubi gabas kafin ka buɗe ƙofa. Yayyafi ba ya hana fita. Tsawa tana hanawa, don tsohon kare da idonsa ya fara hazo yakan firgita ya fizge, ga kuma wayoyin lantarki da iska ke zubarwa cikin ruwa.

Inda yake taka ƙafa ya fi ruwan da ke zuba masa haɗari. Jar ƙasa in ta jiƙe kamar sabulu take, haka siminti mai gansakuka a bakin famfo. Santsi ɗaya ya isa ya tsinka jijiyar gwiwa. Nemi hanya mai tsakuwa da ta danne, ko gefen kwalta, kuma kada a sa shi tsallake lambatu. Cire masa sarƙar wuya, a sa ɗamarar ƙirji da igiya mita ɗaya da rabi. Wajen hawa dakali ko matakala, zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa ka riƙe bakin biyu, ka ɗan rage masa nauyin baya.

Ranar da ruwa ya wuni, a shimfiɗa buhuna a baranda ko zaure, a yi kai da komo minti 5, sau huɗu.

Maman Ummi, Gyallesu:

Malamin Dabbobi ya gama batun fita. Ɗan'uwa, jan yatsun nan kuwa daga dawowa yake, ba daga tafiya ba. Taɓo yana maƙalewa tsakanin yatsu, fata ta kwana da laima ta yi laushi, kare ya lasa ya ƙara jiƙa ta, ƙwayoyin cuta su samu gida.

Kafin ku fita, ajiye roba da ruwan ɗumi da tawul biyu a bakin ƙofa. Kuna dawowa a tsoma ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, a buɗe yatsu a fitar da tsakuwa da ƙaya. Ƙafar da ta yi ja a jiƙa ta minti 5 cikin ruwan gishiri, cokalin shayi ɗaya a rabin lita, safe da yamma. Sai a tsane kowane lungu har tawul ya fito a bushe. A rage gashin tsakanin yatsu da almakashi marar tsini. Farce ma a duba: in kana jin ƙas-ƙas ɗinsa a kan siminti, ya yi tsawo, yana buɗe yatsu yana ƙara santsi. Ban da Dettol, ban da Izal, ban da kananzir ko baƙin mai. Ƙona fatar suke yi, kuma lashe su zai yi. In kwana uku ba sauƙi, ko ya fara wari ko ruwa, ya zama aikin likita.

Gashin irin wannan kare hawa biyu ne. Sama ya bushe kana ganin an gama, alhali na ƙasa jagab yake. Tura yatsunka har fata a wuya, da gindin wutsiya, da hammata. In ka ji sanyi, koma da tawul na biyu, kana tayar da gashin sama. Laimar nan ce ke jawo gyambon da ake tashi da shi da safe, faɗin tafin hannu, ja jawur yana tsatsar ruwa. Kunne kuma a goge iya inda yatsa ke kaiwa da tsumma busasshe, kada a zura tsinken auduga.

Makwancinsa ya bar ƙasa. Katako mai tudun santimita 10, soson katifa a nannaɗe cikin leda, tsohon bargo a sama. Barguna biyu, ɗaya na shanya ɗaya na aiki. Siminti mai sanyi shi ne rabin wahalar tashinsa da safe.

Wani abu da mutane ba su cika lura ba: akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashi mai laima da fitsari a inuwa, da kan tsumman da aka shanya a ƙasa. Tsutsarsa tana shiga fata, sai a ga ƙurji kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, a ciki ko a cinya. A toshe ramin da basilin, in ta rasa iska za ta leƙo, a matsa gefe a hankali ta fito ɗungurungum. Kada a fasa ta a ciki. Bargo kuma a shanya a igiya cikin rana, in da hali a bi shi da dutsen guga.

Tsohon Mafarauci, Bomo:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni dai ciyawa nake jan kunne a kai. Yanzu ta kai gwiwa, ruwa ya kori macizai daga ramuka, kasa da kububuwa suna fitowa neman tudu. Ƙaramin kare yana jin motsi ya yi tsalle, tsoho sai ya taka. Bi tsakiyar hanya, da dare kuma tocila a hannu. In tsautsayi ya afka, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure, a ɗauke shi cak zuwa asibiti, don tafiya tana yaɗa dafi. Kwaɗo kuwa in ya cafka, za ka ga kumfa a baki. Sunkuyar da kansa, ka yi ta goge dasashi da jiƙaƙƙen tsumma kana ɗaurayewa, kamar minti 10.

Kada ya sha ruwan kududdufi ko na gefen rafin Kubanni. Ba shi ruwa a gida kafin fita. Kaska kuma a duba kullum: cikin kunne, wuya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wutsiya. Kama ta da hantsaki dab da fata, ja ta miƙe ba murɗawa, jefa ta cikin kananzir. Ina ganin wankan maganin kaska duk mako zai taimaka, da rigar ruwa ta buhun leda.

Malamin Dabbobi, Samaru:

Baba, na yarda da duka sai biyun ƙarshe. Cikin magungunan wankan da ake samu a kasuwa akwai amitraz. Yana kashe kaska, amma yana rage bugun zuciya, yana sa kasala da tangaɗi, tsohon kare bai cika ɗauka ba, ruwan sama kuma yana rage ƙarfinsa. Na taunawa ya fi dacewa da damina: NexGard duk wata, ko Bravecto duk mako 12, daidai nauyinsa. In na ɗigawa a ƙeya ne, irin fipronil, kada ya jiƙe har awa 48. Leda kuma ta rufe gadon baya kawai, ciki da hammata a buɗe, a cire ana shigowa. Kare ta haki yake fitar da zafi, a iska mai laima hakin ba ya sanyaya shi sosai, in an naɗe shi sai ya turara.

Ruwan kududdufin da Baba ya hana, dalilinsa fitsarin ɓera ne. Yana ɗauke da cutar leptospirosis mai kama ƙoda da hanta, tana shiga ta baki ko ta tsagar ƙafa, mutum ma tana kama shi, don haka a wanke hannu da sabulu bayan wankin ƙafafu. Rigakafinta yana cikin allurar DHLPP ta shekara-shekara. Duba katinsa, tare da ta ciwon haukan kare. Maganin tsutsar ciki kuma duk wata 3.

Malam, kowace safiya ɗaga leɓensa. Dasashi mai lafiya ja-ja ne, in ka danna ka saki launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. In ya yi fari ko rawaya, ko fitsari ya koma kalar shayi, ko zafin jiki ya haura digiri 39.5 a ma'aunin Celsius, ko ya ƙi abinci, zazzaɓin kaska ake zargi, kuma ranar za a kai shi. Kada a yi masa allurar Berenil, wato maganin zazzaɓin kaska, a gida, ƙari kaɗan a kan ƙima yana taɓa ƙwaƙwalwar kare. In yana barci, ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In yana wuce 30, ko yana tarin dare, a dakatar da fita har a duba zuciyarsa.