Gwajin jini na alerji ga yara: wa ya taɓa yi?

Maman Abba: Salamu alaikum ƴan zaure. Yarona ɗan shekara 5, da hunturu ya shigo sai atishawa, hanci na zuba, ido ya yi ja, da dare kuma tari. An ce in kai shi gwajin jini na alerji. Ina ake yi?

Maman Hafsat: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ki fara da likitan yara a CHR, wato babban asibitin jiha, shi zai rubuta miki wanda ya dace. A labo kuma ki tambaya tukuna: nan suke yi, ko Yamai za su aika jinin? Daga nan kuɗin ke bambanta.

Anti Nas: Ƙanwata, ki duba takardar da kyau, gwajin iri 2 ne. Akwai IgE na jimla (IgE sinadarin garkuwar jiki ne da ke ƙaruwa a jini in akwai alerji), akwai wanda ke bin abu ɗaya-ɗaya: ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani, kyankyaso, funfuna, gashin kyanwa, garin furen ciyawa. Na jimlar shi kaɗai ba ya tabbatar da alerji a ƙasarmu, don tsutsar ciki da tsargiya ma suna ɗaga shi. Uwa ta ga lamba ta yi sama, hankalinta ya tashi, alhali maganin tsutsa yaron ke buƙata.

Maman Abba: Ikon Allah! To Anti, sirop ɗin cetirizine, maganin alerjin da yake sha fa, in dakatar?

Anti Nas: A'a, bai shafi gwajin jini ba, kuma ba sai da azumi ba. Na fata ne, wanda ake ɗiga ruwa a hannu a ɗan soka, a duba bayan minti 15, ake barin magani kwanaki kafin a yi.

Baban Sani: Ni na yarona ya fito babu komai, kuɗi sun tafi. Likita ya ce ƙurar hazo ba alerji ba ce, fusata hanci kawai take, jini ba zai nuna ta ba. Muka daina kunna igiyar sauro a ɗakinsa, uwarsa ta koma yin turaren wuta a tsakar gida, tarin ya ragu.

Hajiya Babba: Ku yaran yanzu komai sai labo. Ɗiyata, ki lura yaushe abin ke tashi: lokacin sussukar hatsi ne, ko sai an kakkaɓe katifa? Ki rubuta ki kai wa likita.

Anti Nas: Gaskiyar Hajiya, da wannan yake zaɓen abin da za a gwada. Amma tarin daren nan kar ki jira sakamako. In kin ji ƙirjinsa na fito kamar usur, a duba asma cikin satin nan.

Maman Abba: Na gode ƙwarai. Litinin da safe za mu je in Allah ya yarda.