Ɗalibi da aikin sa kai a asibitin ƙwaƙwalwa na wata ƙasa: wa ke amfana?

Rukayya: Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen ilimin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Jos, kuma wata ƙungiya ta ba ni gurbin aikin sa kai na mako shida a wata cibiyar masu taɓin hankali a Siri Lanka, bisa sharaɗin ni zan biya kuɗin jirgi da na masauki da na shiga shirin. Da na kai wa Yaya Danjuma maganar, sai ya ce ɗalibin da bai kammala digiri ba ba shi da abin da zai tsinana wa mara lafiya a ƙasar da ba ya jin harshenta, kuma mai tafiyar kaɗai ke cin ribarta. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Danjuma: Haka na faɗa, ƙanwata, kuma ina nan kan bakana. Likitan ƙashi zai iya duba hoton karaya ko da ba ya jin kalma ɗaya daga bakin mai ita, amma mu a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa da magana muke aiki. Idan Bahaushiya ta ce miki kanta yana ɗaukar zafi, ko zuciyarta ta yi baƙi, ko kuma iska ce ta taɓa ɗanta, kin san inda kowace magana ta dosa domin a cikinsu kika tashi. A can kuwa da Sinhala da Tamil ake magana. Ƙasar ta riga ta ɗanɗana wannan: bayan ambaliyar tsunami ta Disambar 2004, masu ba da shawara daga ƙasashen waje sun yi mata tururuwa, da yawansu ba harshe ba sanin al'ada, kuma irin wannan ruɗani yana cikin abin da ya sa hukumomin agaji na duniya suka fitar da ƙa'idojin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin bala'i a 2007, inda suka nanata cewa kada mai taimako ya zama mai cutarwa.

Rukayya: To Yaya, me za ka ce game da Zimbabuwe? Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin unguwa na Harare suna sauraron masu ciwon damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna mutane suna samun sauƙi. Waɗannan iyaye ba su da digiri, ni kuwa na yi shekara uku ina karatun abin.

Danjuma: Misalinki ni yake goya wa baya. Matan nan 'yan unguwar ne, da harshen Shona suke magana, sun san abin da mutanensu ke kira kufungisisa, wato yawan tunani, an horar da su, ana bibiyar aikinsu, kuma idan mako shida ya cika ba jirgi suke hawa ba.

Hajiya Asabe: Ɗana Danjuma, ni da na ƙare aikina na jinya a ɗakin masu taɓin hankali ba zan ƙaryata ka kan harshe ba, amma ka ƙuntata ma'anar amfani. Farfesa Thomas Adeoye Lambo a Ingila ya yi karatun likita ya kuma ƙware a fannin ƙwaƙwalwa, sannan ya dawo Aro ta Abeokuta ya soma a 1954 tsarin da ake saukar da mara lafiya tare da ɗan'uwansa a gidajen mutanen ƙauye yana zuwa asibiti da rana, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Wanda bai taɓa ganin wani tsari ba yakan ɗauka nasa ne kaɗai hanya. Idan yarinyar nan ta je ta ga yadda ake riƙe sirrin mara lafiya da yadda ake zama da iyalinsa, ta dawo da shi, marasa lafiyar Filato ne za su amfana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira tafiyar taimako. Koyo za ta je yi, kuma ya kamata ta shiga da wannan sunan.

Malam Nuhu: Hajiya, da girmamawa, ni damuwata gida ce. Mutanen da rikicin Mangu da Bokkos ya raba da muhallinsu a 2023 suna nan kusa da mu, akwai yaran da suka ga abin da babba ma ba zai iya ɗauka ba, kuma yawancinsu suna jin Hausa. Najeriya, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, tana da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa kawai, kuma sai a farkon 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Kuɗin jirgin nan kaɗai zai ɗauki nauyin zirga-zirgarta zuwa waɗannan garuruwa na tsawon watanni, ƙarƙashin kulawar malamanta.

Ladi: Ni na taɓa yin irin wannan tafiya, mako huɗu a Gana, kuma na dawo da abubuwa biyu da suka saɓa wa juna. A kwana na biyu aka bar ni ni kaɗai da wata mata da ta yi yunƙurin hallaka kanta, domin ma'aikatan sun ɗauka duk wanda ya zo daga waje ƙwararre ne, kuma har yau idan na tuna tambayoyin da na yi mata gabana yakan faɗi. Na kuma ga wasu baƙi suna ɗaukar hoton marasa lafiya ba tare da neman izini ba. Amma a mako na uku aka kawo wani dattijo daga Nima, unguwar zango ta Akara, wanda ya ƙi buɗe baki ga kowa, sai da na gaishe shi da Hausa na tambaye shi mutanen gida sannan ya soma magana, na riƙa yi wa likita tafinta har aka gano ya daina shan maganinsa ne saboda yana sa jikinsa sandarewa. Ranar ce kaɗai na tabbata zuwana ya yi wa wani amfani.

Danjuma: Ladi, Hausarki ce ta yi aiki ranar, ba darussan aji uku ba.

Hajiya Asabe: Da Hausar da darussan duka, ɗana, domin tafintan da bai san illar magani ba zai wuce maganar sandarewar jiki bai lura ba. Rukayya, 'yata, kafin ki biya ko sisi ki rubuta musu ki tambayi sunan ƙwararren da zai riƙa duba aikinki da irin lasisinsa, da ko za a taɓa barin ki ke kaɗai da mara lafiya, da kuma nawa ne daga kuɗin da za ki biya yake isa cibiyar.

Rukayya: Na gode, Mama. Na sake karanta takardar da suka aiko mini, na ga ta yi dogon bayani kan masauki da yawon buɗe ido na ƙarshen mako, amma babu sunan mai kula da aiki ko ɗaya. Zan aika musu tambayoyin yau. Malam Nuhu, idan akwai masu zuwa Mangu a hutun nan tare da ƙwararre, ina so a sa sunana.