Jirgin ƙasan Big Smoke ya hana ni barci

Autan Gyaɗi-Gyaɗi:
Salamu alaikum yayyena. Kwana huɗu kenan ina kan gem ɗin GTA San Andreas a tsohuwar PS2 ɗin da yayana ya bar min, na maƙale a mishin ɗin jirgin ƙasa wanda Big Smoke, abokin CJ jarumin gem ɗin, yake bayanka a babur yana harbin 'yan dabar Vagos huɗu da ke saman jirgi, kullum sai jirgin ya tafi ya bar mu shi kuma ya hau ni da faɗa. Tunda a nan da waƙa ake tambaya ga tawa:

Yayyena ku zo ku ji ni, na sha wuya,
Jirgin ƙasa guda ya tare min hanya,
Na manne a jikinsa tamkar ƙaya,
Smoke na ta harbi bai kayar da ko ɗaya,
In mun shiga rami sai in rasa gaba da baya,
Wa zai ba ni dabara in gama da wannan tafiya?

Baban Gidan Gem:
Wa alaikumus salam auta. Ai a layinka na uku ka faɗi ciwonka da bakinka.

Auta ka saki jirgin nan, ka ɗan ja nesa,
Wanda ya jingina da bango ba ya hango bisa,
Harsashin Smoke tarago yake ci, ba na samansa,
Tsallake ɗaya layin dogon, ka bi ta gefensa,
Ka daidaita da na gaba, kar ka wuce kansa,
In ya faɗo ka sassauta, na biye ya zo hannunsa,
Akwai wani jirgin na tahowa, za ka ji ƙararsa,
Ka kauce tun da wuri kafin isowarsa.

Gem ɗin nan tun 2004 ya fito kuma har yau a shagona kuskuren ɗaya ne, yaro zai danne X har babban yatsansa ya yi fari yana goga babur a jikin tarago, yana ganin kusanci shi ne taimako. Ka ba mutumin fili ya ga abin da yake harbi.

Ɗan Damagaram:
Ni a kwamfuta nake yi kuma ba na wahalar da kaina, kod ɗin satar hanya nake sawa, dala 250,000 take faɗowa nan take.

Ku danna HESOYAM kawai ku ga kuɗi,
Jini ya cika, ga sulke, ga daɗi,
Mota ta gyaru, ba ihu ba ruɗi,
Ni dai tawa shawarar ke nan na faɗi.

Anti Mai Pad:
Ɗan'uwa kuɗinka ba zai tsayar da jirgi ba,
Sulke bai taɓa koya wa Smoke saiti ba,
Na taɓa sa kod ɗin tarzoma ban san sharrinsa ba,
Na yi sebin a kansa ban yi tunani ba,
Da na iso kan Madd Dogg bai jira ni ba,
Ya diro daga bene, ni ban ko taɓa motar ba.

Wlh aikin wata biyu ne ya tafi a daren nan, na maimaita ya fi sau goma mawaƙin nan Madd Dogg yana faɗowa kafin in matso da motar da zan tare shi, ƙarshe sai gogewa na yi na faro daga Grove Street, har hawaye sai da na yi. Auta ka riƙa sebin a gida biyu a memori kad ɗinka, ɗaya kar ka taɓa sa masa kod ko na wasa.

Ɗan Damagaram:
Anti na karɓa, Allah ya huci zuciyarki. Kuma gaskiya akwai inda kod ɗin bai fisshe ni ba, ƙaramin jirgin sama na rimot na Zero, mai shagon kayan wasa a San Fierro.

Jirgin wasan Zero kullum mai sai ya ƙare,
Masu kai saƙo biyar, kowa ya kama hanya ya tsere,
Ba sa bin titi ɗaya balle in same su tare,
Ni da shi muke yini, ni da shi har dare.

Baban Gidan Gem:
Ka gode Allah a kwamfuta kake. A faifan PS2 na farko man zuba yake ko ka ba da wuta ko ba ka ba da ba, waɗanda suka fito daga baya ne aka gyara sai kana dannawa yake ci.

Ka hau sama ka saki wuta, iska ta ɗauke ka,
Na kusa shi ne na farko, duba taswirarka,
Bar bin sa ta sama kana lilo da fiffikenka,
Sauka kan kwalta a bayansa ka buɗe bindigarka,
Masu keke da babur, harbi kaɗan ya ishe ka,
Ka rage man komawa, rufin shagon Zero na jiran ka.

In kuma ya ishe ka ka ajiye shi, labarin CJ zai ci gaba ko ba ka yi na Zero ba.

Anti Mai Pad:
Wanda ba shi da makawa shi ne makarantar tuƙin jirgin sama a Verdant Meadows, filin jirgin da jami'in sirri Toreno yake sa ka saya dala 80,000, gwaji 10 ne kuma nan ne mutane da yawa suke ajiye gem ɗin gaba ɗaya.

Makarantar jirgi ba ƙarfi take so ba, sai hankali,
Ka taɓa analog kamar mai ɗaukar ƙwai a kwali,
Naɗe tayoyi da ka tashi, shi ne na awwali,
Ka fara karkata tun jan zobe na can ƙarshen fili,
Maki saba'in sun isa a wuce, neman zinare yanzu ba dalili.

Kawun Yara:
Ku bar ni in sa baki a mishin ɗin ƙarshe ko da auta bai kai can ba. Ba ya ma buɗewa sai ka ƙwace 35 cikin 100 na unguwannin Los Santos.

Kafin ka shiga gidan Smoke mai hawa-hawa,
Ja motar asibiti zuwa mataki sha biyu, jini zai ƙaru da yawa,
Ta kwana-kwana ma haka, wuta ta daina ƙonawa,
Don ɗan sanda Tenpenny zai cinna wa benen wuta kana saukowa,
In Sweet yayan CJ ya rataye a tsanin motar kwana-kwana, bi a sannu ba gaggawa,
Ka tsaya daidai ƙarƙashinsa lokacin faɗowa.

Autan Gyaɗi-Gyaɗi:
Alhamdulillah!! Baba na yi yadda ka ce, karo na farko jirgin da ke tahowa ya kwashe ni don na manta da shi, karo na biyu kuwa tun kafin mu yi nisa uku sun zubo, na huɗun ya ɗan daɗe sai da na sassauta sannan ya faɗo, hannuna rawa yake har pad ta kusa suɓucewa. Anti gida biyu na yi sebin.

Baba na ja nesa, Smoke ya ga hanya,
Huɗu suka zubo ƙasa ɗaya bayan ɗaya,
Anti da Kawu Allah ya bar zumunci, ya ƙara lafiya,
Yanzu Smoke ke tuƙa babur, ni ke zaune a baya,
'Yan Rasha sun biyo mu da babbar mota, wa zan fara harba, direba ko taya?