Neman tallafin gwamnati ga mai nakasa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, har ba ya iya riƙe cokali da hannun dama. Daga ina zan fara nema masa tallafin gwamnati?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ka fara da rahoton likita, domin masu tantancewa ba sunan ciwon kaɗai suke dubawa ba, suna so su ga abin da ya hana shi yi, kamar wanka, tafiya da sana'arsa.

Amsa ta biyu: Ka ajiye kwafin kowace takarda. Nawa sun ɓace a ofis, sai da na sake cike fom tun daga farko.

Amsa ta uku: Idan aka ƙi amincewa, ka nemi dalilin a rubuce, ka ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika.