Neman shawara: in ɗauki ƙwararre ya haɗa mini takardun haraji ko in yi da kaina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ma'aikaci ne, a albashi ake cire masa haraji, shi ya sa ba mu taɓa damuwa da batun ba. Ni kuwa ɗinki nake yi, Allah ya sa albarka har na ƙara kekuna, na kama wurin aiki haya, na ɗauki masu taya ni. Yanzu wa'adin miƙa bayanin haraji ya matso, kaina ya ɗaure. An haɗa ni da wani, ya ce in sa hannu a fom kawai, shi zai cike daga baya, ladansa kuma kaso ne daga duk abin da ya rage mini. Ƙawata kuma ta ce ɓarnar kuɗi ce, in yi da kaina a intanet. Wanne zan bi?

Wata 'yar kasuwa:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, don Allah ki rabu da mutumin nan. Ba a sa hannu a takardar da ba a cike ba. Duk abin da ya rubuta bayan kin tafi, da sunanki ya rubuta shi.

Wani akanta:
Hajiya, gaskiya ta faɗa miki. Ko wane ne ya cike fom ɗin, alhakin abin da ke ciki yana wuyan mai sa hannu. In hukumar haraji ta gano ƙarya, ke za ta nema, ke za ki biya cikon da ya rage, da tara, da kuɗin ruwa a kai. Kuma wanda ladansa ke ƙaruwa idan harajinki ya ragu, an buɗe masa ƙofar ƙirƙiro kashe-kashen kuɗin da ba ki yi ba.

A ganina, tunda kina da ma'aikata da haya da kayan aiki, kin kai matsayin neman ƙwararre, ko da na shekarar farko ne. Dalilina shi ne, harajin kuɗin shiga a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Misali, kuɗi 100 sun shigo, kin kashe 70 a yadi da zare da haya da wuta da albashi, to a kan 30 ne za a yi lissafi. Masu ƙananan sana'a da yawa suna biyan fiye da abin da ya wajaba a kansu saboda ba su san abin da doka ta yarda a cire ba. Kekunan ma nasu hukuncin daban ne: a tsarin ƙasashe da dama ba a cire kuɗin injin duka a shekara ɗaya, rarraba shi ake yi a kan shekarun da zai yi yana aiki.

Kafin ki ba kowa aikin, ki tambaye shi shaidar rajistarsa da ƙungiyar akantoci ko hukumar da ke ba su lasisi, ki bincika da kanki. Ku yi magana kan lada tun farko, a rubuce. Ki ga ya sa sunansa a takardar a matsayin wanda ya haɗa ta, ya ba ki kwafi. In akwai rarar kuɗin da za a mayar miki, asusunki za su shiga, ba nasa ba. Sannan ki tambaye shi: in wasiƙa ta zo daga hukuma bayan watanni, zai tsaya miki? Masu buɗe ofis lokacin haraji su ɓace bayansa, nan ake gane su.

Wani ma'aikaci:
Ni fa ina tare da ƙawar taki, amma a kan na maigida. Mai albashi ɗaya wanda ake cire masa tun daga ofis, in ma doka ta ce ya miƙa bayani, zai iya da kansa, ba sai ya biya kowa ba. Ya karɓi takardar shaidar abin da aka cire masa a shekarar, shi ke nan. Sai dai ku tambaya ko dokarku ta yarda miji da mata su haɗa bayani wuri ɗaya, don wasu ƙasashe suna yarda, wasu kuma kowa nasa daban.

Wata mai gidan burodi:
Ƙanwata, abin da ba a taɓo ba shi ne ma'aikatan. In albashinsu ya kai a cire haraji, abin da kika cire amana ce a hannunki, kada ki juya shi a jari. Haka harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya ko aiki, in kina karɓa daga kwastomomi. Kuma ki buɗe wa sana'ar asusun banki nata daban yau ɗin nan. In kuɗin gida da na aiki suka cakuɗe, akanta sai ya ɓata lokaci yana tsincewa, lokacin nan kuwa ke za ki biya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode. Na fasa da mutumin. Malam akanta, wasu rasit ɗin sun ɓace, kuma kuɗin da ke hannuna ba lalle su isa biya gaba ɗaya ba. In jira sai na haɗa?

Wani akanta:
A'a Hajiya, kada ki jira. A wurare da yawa tarar ƙin miƙa bayani daban take da tarar jinkirin biya, don haka ki miƙa cikin wa'adi, ki biya abin da ya samu, ki nemi a ba ki damar biyan sauran kaɗan-kaɗan. Rasit kuma, ki ciro bayanin asusunki na banki na shekarar duka, ki koma wurin waɗanda kika saya ki roƙi kwafi, ki haɗa da takardar haya da littafin da kike rubuta ciniki. Abin da babu shaidarsa ko kaɗan, kada ki bari a sa shi da ƙiyasi. Daga yanzu duk rasit ki ɗauki hotonsa a waya ranar da kika karɓa, don tawadar wasu tana gogewa, hukuma kuwa tana iya waiwayar shekarun baya. Ki kira akantan tun wannan makon, kafin aiki ya yi musu yawa.