Za a leƙa mafitsarar Baba da kyamara, ya ce ya fasa zuwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina shekararsa 63, kusan wata biyu ke nan yana ganin jini a fitsarinsa, babu zafi babu zazzaɓi. An gwada fitsari, an yi hoto, yanzu likita ya ce ranar Talata za a yi masa sistoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta gabansa a duba cikin mafitsara, kuma idonsa biyu za a yi. Tun da ya ji haka ko tuwon dare ba ya cinyewa. Jiya bayan isha'i ya ce mini shi kam ya fasa, wai tsargiya ce irin wadda suka yi suna yara, da kanta za ta tafi. Don Allah wanda aka taɓa yi wa, akwai zafi sosai? Me zai ɗauke masa hankali a lokacin?

Wani magidanci: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Sau biyu aka yi mini. Da farko ana matsa wani mai mai sanyi a ciki, ya ɗan yi raɗaɗi, sai wurin ya mutu. Wuri ɗaya ne mai wuya, inda bututun zai ratsa kafin ya faɗa mafitsara. Karon farko na ƙanƙame jiki, na cije haƙora, na riƙe ƙarfen gado har tafin hannuna ya yi shaida, kuma na ji jiki. Karo na biyu na tafi da iyafis, na kunna karatun Alƙur'ani ina bin mai karatun a zuci. Wani nas a wurin ya ce in ja numfashi a hankali, in riƙa motsa 'yan yatsun ƙafa. Wallahi surar ba ta ƙare ba na ji likita ya ce an gama. Bai kai minti 10 ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne ruwan da ake cika mafitsara da shi, ka ji fitsari kamar zai kufce maka.

Wata nas: Ƙanena, ka fara da maganar tsargiyar nan. Jini a fitsari ba tare da zafi ba, ga mai shekarun Baba, ba abin jira ba ne. Ko da tsargiyar ce, idan ta daɗe a jiki tana iya jawo sankarar mafitsara, kuma akwai abin da hoto ba ya nunawa sai an leƙa da ido. Ka lallaɓa shi ya je.

Batun zafi kuma, tsoro yana ƙara shi. Hanyar fitsarin namiji ta kai kusan santimita 20, ta mace kusan 4, shi ya sa maza suka fi jin abin. Can ciki akwai tsokar da ke riƙe fitsari. Mutum na tsorata sai ta matse, bututun ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Idan hankali ya tafi wani wuri sai ta saki. Dabarar da muke yawan gaya wa maza ita ce, da zarar likita ya ce an zo wurin, ya yi kamar zai yi fitsari. Wasu likitocin kan sa a matsa ledar ruwan da ake cika mafitsara da shi a daidai lokacin don ruwan ya buɗa hanya. Wani kuma kallon allon da hoton ke fitowa ne ke kwantar masa da hankali, likita na yi masa bayani, ya shagala da kallon cikinsa. Amma ba kowa ba, na ga wanda yana ɗaga ido ya ga allon ya fara gumi. Kai ka san halin mahaifinka.

Wani matashi: Ku ba shi tiramol ɗaya kafin ku fita gida kawai, ba zai ji komai ba.

Nas ɗin: A'a, kada ku soma. Dattijo ne, jiri zai iya kwasarsa, kuma ba ka san me za a ba shi a can ba. Duk maganin da yake sha ma ku faɗa wa likita tun kafin ranar, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da warfarin, kada kuma ya daina sha da kansa.

Mai tambaya: Na gode Anti. Na so in shiga in riƙe masa hannu, ya ce har abada ba zan gan shi a haka ba.

Wani dattijo: Yaro, gaskiyar mahaifinka. Ni ma da ɗana ya ce zai shiga korarsa na yi. Rabin abin da ke damunsa kunya ce, ba zai faɗa maka ba. Ana rufe mutum da ƙyalle, wurin aikin kawai ake bari, kuma yana iya roƙon maza su yi masa in akwai su. Carbinsa ya isa abokin riƙo. Ni istigfari na kama, ina ƙirgawa, ban cika ɗari uku ba. Iyafis ɗin a sa kunne ɗaya kawai don ya ji maganar likita. Ka samo wani sa'ansa da aka taɓa yi wa su zauna, zai fi jin maganarsa a kan taka.

Nas ɗin: Bayan an gama, fitsari zai yi masa raɗaɗi, yana iya fita ja-ja na kwana ɗaya ko biyu. Ya sha ruwa sosai. In zazzaɓi ya zo, ko fitsarin ya ƙi fita, ko jini gudaji-gudaji, ku koma asibiti nan take.

Mai tambaya: Alhamdulillahi, kawuna ya zo da safe sun daɗe a zaure, Baba ya yarda. Har ya zaɓi surorin da zan tura masa a waya. Tambayarsa ɗaya, zai iya shan kokonsa kafin mu tafi?

Nas ɗin: In bututu mai lanƙwasawa ne, ido biyu, ya karya abinsa. In kuwa miƙaƙƙen ne da ake sa barci ko allurar baya, sai da azumi. Ka duba takardar da aka ba ku, ko ka kira su gobe Litinin.