Keken da ƙafa ba ta hutawa a kansa: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, suna nake nema. Ƙanena ya sayo wani keke ɗan gwanjo, irin wanda Turawa ke ce wa "fixed gear", samari kuma suka taƙaita shi zuwa fiksi. Baban da ke mana gyaran keke a Tudun Wada ta Kaduna ya juya tayar baya da hannu, sai feda ta bi ta tana juyawa. Ya dube mu ya ce, "To wannan kuma me kuke kiransa?" Muka yi shiru.

Ga yadda abin yake. A keken da muka sani, akwai abin nan a tsakiyar tayar baya mai ƙarar ƙas-ƙas idan ka daina tuƙi, shi ke ba ka damar tsayar da ƙafa keke na tafiya. Wannan ba shi da shi. Haƙoran baya a ɗaure suke tam da taya. Taya ta juya, kaca ta juya, feda ta juya. Ka tuƙa baya, keke ya yi baya.

Wani ya kawo "mai giya ɗaya". Ban yarda ba. Tsofaffin Raleigh da Phoenix na kakanninmu ai giya ɗaya gare su, amma suna gangara lafiya lau. Wani malami ya ce "kafaffiyar giya". Fassarar ta yi daidai, sai dai wa zai faɗi haka a bakin titi? Bar ma ta cewa wani zai ɗauka wata giyar ake nufi.

Ni "ba-hutu" na zaɓa. Haka Bahaushe ke raɗa suna, daga halin abu: a-kori-kura, dafa-duka, fasa-ƙwauri. Kuma sunan da kansa gargaɗi ne, domin abin da ke fara kayar da sabon shiga ke nan. Ka taho da gudu daga gadar Kawo, ka shagala ka tsayar da ƙafa, sai feda ta ɗaga ka daga kan sirdi.

Baba bai taɓa hawa irinsa ba, amma maganarsa ta zo ɗaya da ta waɗanda suka daɗe a harkar. "Ɗana, kada ka cire birkin gaba." Marasa birki na filin tsere ne, inda babu mai Keke Napep da zai yanko maka ba sigina. Ƙwararru na rage gudu da danne feda, wasu har su ja tayar baya a ƙasa, amma sai da maɗaurin ƙafa a feda, ga cin taya, ga wahalar gwiwa. Ka fara da haƙora 46 a gaba, 16 a baya, wato juyi ɗaya na feda taya ta juya kusan sau uku. Ka koya a Murtala Square da sassafe kafin ka shiga Ahmadu Bello Way. A kwana kada ka kwanta da yawa, feda za ta daki kwalta. Ka naɗe ƙafar wando, babbar riga kuwa a bar ta sai Juma'a.

Da ƙanena ya kai hannu zai goge kaca taya na juyawa, Baba ya buge masa hannu. A ba-hutu kaca ba ta tsayawa don yatsa ya shiga.

Abin ma ba sabo ba ne. Irinsa aka hau a tseren Tour de France na farko a 1903, sai a 1937 aka yarda a sa na'urar sauya giya a gasar.

Akwai mai cewa "keken dole" ya fi daɗin faɗa. Ya yi, amma yana kama da keken da talauci ya sa ka hawa. Baba dai har ya rubuta "ba-hutu" a littafin bashinsa, kusa da kuɗin facin da bai karɓa ba tukuna.